Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Finafinai Ta Najeriya, Ali Nuhu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan matan da ke fitowa a matsayin iyaye a finafinan Hausa, waɗanda ka san su fiye da kowane shugaba da ya taɓa riƙe wannan hukuma, domin da yawansu sun fito a matsayin mahaifiyarka ko surukarka.

A ranar 9 ga Afrilun 2024, watanni kaɗan bayan naɗa ka, Allah ya yi wa Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, rasuwa a Kano. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a fim a shekarar 2000 cikin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya, kuma daga nan ta shafe sama da shekara ashirin tana riƙe matsayin da mata da yawa ke gudu: uwar miji mai masifa, kishiyar uwa, mai zuga 'yarta ta tayar da rigima. Duk wanda ya kalle ta ya san yadda take turo ɗankwali gaba, ta tafa hannu, ta ja tsaki, har mai kallo ya manta cewa wasa ne. Ana buga hoton jarumi da jaruma a jikin fasta, amma sau da yawa rikicin da ke tafiyar da labarin daga bakin Daso yake fitowa. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma a ganina ba a taɓa ba ta matsayin da ya dace da ita ba.

Kafin Daso akwai waɗanda suka fara tun zamanin wasan kwaikwayo na dandamali da na talabijin, irin su Ladin Cima, wato Tambaya. A 2022 ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce, wasu furodusoshi suka musanta. Ba ina neman a sake tayar da wannan ƙura ba ne. Abin da ya ba da damar gardamar shi ne rashin rubutacciyar yarjejeniya, sai dai abin da aka damƙa wa mutum a hannu bayan an tashi daga wurin ɗaukar fim.

Saboda haka ina roƙonka ka zauna da ƙungiyar masu sana'ar shirya finafinai, wato MOPPAN, a tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya dattawan masana'antar, kuma a riƙa rubuta shi kafin a kunna kyamara. Haka kuma, tunda hukumarka na da ma'ajiyar adana finafinai a Jos, ya kamata a tura ma'aikata su naɗi tarihin waɗanda suke raye daga bakinsu, a kuma tattara tsofaffin kaset-kaset kafin su lalace. Hauwa Ali Dodo, Hauwa Maina da Zainab Booth duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma matasan da ke koyon sana'ar a yau na buƙatar ganin ayyukansu.

Allah ya jiƙansu, ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Mai kallon finafinan Hausa, Kano