Zuwa ga Ministan Lafiya: allurar rigakafi ba ta ƙarewa a wata tara

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a Kano, na ajiye aiki amma har yanzu ina raka jikoki asibiti.

Kwanan baya na kai jikata da ta cika wata goma sha biyar wani asibitin sha-ka-tafi don a yi mata allurar ƙyanda ta biyu. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓi katin, ta juya shi, ta miƙo mini, ta ce, "Mama, ai ta gama tun wata tara." Na nuna mata gurbin da yatsa. Sai da ta leƙa ɗaki ta tambayo sannan aka buɗe akwatin sanyi. Ni na san katin, shi ya sa na tsaya. Matar da ke gabana a layi, da yaro sa'an jikata a goye, an faɗa mata haka ita ma, ta yi godiya ta kama hanya, da kyar na cim mata a bakin ƙofa.

Ban ga laifin yarinyar nan sosai ba. Abin da aka koya mata ta faɗa. A 2023 gwamnatinku ta yi alkawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. To, ranka ya daɗe, me ake koyarwa a wannan bitar? Don mun san bita a ƙasar nan: otal, ruwan gora, sa hannu a takardar alawus, hoto da ƙyallen taro a baya, kowa ya watse. Idan wanda ya dawo daga bita bai iya gaya wa uwa dalilin da ya sa ƙarfin allura yake raguwa a jiki har a bukaci ƙari ba, kuɗin shayi kawai aka kashe.

Ba sai na tuna maka da mashaƙo ba. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yara ne suka fi kwanciya. Allurar Penta, mai haɗe da rigakafin cuta biyar har da mashaƙo, da ake yi a sati 6 da 10 da 14 tana kare jariri, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙari har sau uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, sai shekara 4 zuwa 7, sai shekara 9 zuwa 15. Ka aika a zaga ƙananan asibitoci ba tare da sanarwa ba, a tambayi masu riƙe da sirinji mutum nawa suka taɓa jin wannan. Haka allurar Td ta masu ciki, wato rigakafin tetanus da mashaƙo, sau biyar ce, amma da yawa ana yi musu biyu a wurin awo, su haihu, ba mai sake tada maganar.

Abin da ya fi damuna ma shi ne zuciyar ma'aikatan. Lokacin korona na ji da kunnena abokan aiki suna cewa sun karɓi allurar korona ta farko don katin shaida, ta ƙari kuwa sai dai a yi haƙuri. Wanda bai yarda a soka masa ba, da wane baki zai lallashi maigidan da bai manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, ko rikicin allurar shan-inna na 2003? A zaunar da su a amsa musu tambayoyinsu, su ma suna da shakku kamar kowa.

Akwai maganar firij babu wuta da ƙarancin hannu, wannan ka sani. Roƙona don Allah, a sa tambaya kan allurar ƙari cikin kowace bita, a jarraba mutum kafin a ba shi takarda, a liƙa jadawalin da Hausa a bangon kowane ɗakin allura inda uwa za ta gani ta yi gardama da shi.

Na gode.