Babana, in ta tsaya kar ka bar ta

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Dublin, ya mutanen gidan. Nan kowa lafiya sai godiya, kakarka na nan da ciwon gwiwarta kamar kullum, an fara girbi kuma geron bana ba laifi.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira saboda na san halina da naka, minti biyar ba za mu yi ba murya za ta tashi, kai ka koma Turanci ni in koma faɗa, a ƙarshe a kashe waya ba wanda ya ji ɗan'uwansa. To ka karanta wannan har ƙarshe ko da za ka raba shi biyu.

Zancen tafiyarka Ostireliya ba a bakinka na ji ba, wurin ƙanwarka na ji, kuma kar ka je ka tsare ta, suɓutar baki ta yi, ta ɗauka na sani. Ni ne na ƙarshen ji kenan. An ba ka biza tun wata biyu da suka wuce, ka sayi tikiti, har an yi maka walima a gidan kawunka, ni ina nan Daura ina tambayarka ya aiki kana ce min lafiya lau. Ba komai. Na san me za ka ce, kai ma ai tafiya ka yi kana saurayi, kuma kai ne ka dawo ka bar mu. Eh na tafi, kuma na dawo, dalilin dawowata ka san shi ko ka ƙi yarda da shi, ba yau za mu sake buɗe wannan ba. Amma ka tuna jan fasfon da kake taƙama da shi daga wannan tafiyar tawa ya fito, an haife ka 2001 lokacin da haihuwa a ƙasar Ireland kaɗai ta isa, 2005 suka rufe wannan ƙofar. Da koren fasfo ne a hannunka wannan bizar ta aiki da yawo ko fom ɗinta ba za ka cike ba, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suke ba wa. Ba gori nake maka ba, so nake ka san ina da bakin magana a ciki.

Tafiyar kanta ban hana ba. Wallahi ban hana ba, tafiya mabuɗin ilmi ce kuma namiji sai ya ga duniya. Kwana uku kenan ina karance-karance a kai da daddare har idona ya yi ja, na kuma kira wani tsohon abokin aikina da ya yi shekaru a asibiti a Alice Springs can tsakiyar Ostireliya, mun fi awa muna magana. Maganar aiki ba ta dame ni sosai ba, kai ba rago ba ne. Shekara ɗaya suke bayarwa, in kana son ta biyu sai ka yi kwana 88 na aikin karkara, gona ko makamancinta, to a nan ne ake cutar yara saboda masu gona sun san kuna neman kwanakin nan ido rufe. Kar ka ba kowa fasfonka ya ajiye maka, kar ka biya kuɗi don a sama maka aiki kafin ka ga aikin da idonka, duk takardar albashi da aka ba ka ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka, ita ce shaidarka. Ka tambaya tun farko biyan awa ne ko biyan kwando. Gonar inabin giya da ta aladu kuwa ba sai na faɗa maka ba. Inshora ka yi mai kyau wadda ta haɗa da motar asibiti da jirgi, can kuɗin ɗauko mara lafiya daban ne. Shi kenan wannan.

Abin da ya hana ni barci motar ce. An ce min kai da abokinka za ku haɗa kuɗi ku sayi tsohuwar bas irin wadda ake kwana a ciki, ku tashi daga Adelaide ku ratsa tsakiyar ƙasar har Darwin, kuma wai a watan Janairu, kuma wai za ku sauka daga kwalta ku bi ta Oodnadatta ku je ganin tafkin gishirin nan na Eyre. Babana ka duba taswira da kyau kuwa? Kilomita wajen 3,000 ne, kamar ka je Legas daga Kano sau uku. Kai da tsawon ƙasarku gaba ɗaya daga kudu zuwa arewa bai cika kilomita 500 ba, duk inda ka tsaya akwai shago da famfo da ciyawa shar. A kan kwaltar ma, babbar hanyar Stuart, tsakanin Glendambo da Coober Pedy sama da kilomita 250 babu gidan mai ko ɗaya, ya fi Kano zuwa Kaduna, ka yi tunanin babu Kwanar Dangora babu Zariya babu mai shayi babu mai faci. Kuma Janairu a can ba Janairunku ba ne, tsakiyar bazararsu ce. Garin da ka zaɓa ɗin nan, Oodnadatta, shi ne aka auna zafi 50.7 a ranar 2 ga Janairun 1960. Mutanen Coober Pedy ramuka suka haƙa suke kwana a ƙarƙashin ƙasa, ba don ado ba. Masu hankali tsakanin Mayu da Satumba suke wannan hanyar. Me zai hana ka yi aikin gonarka tukuna, ka tara kuɗi, ka san ƙasar, sannan ka tafi da sanyi? Me ake ci na sauri?

Kai ba ka san hamada ba, a hoto ka san ta. Mu mun san ta a gidan nan, ta ci mana mutum. Baffanka da hotonsa ke ɗakin kakarka, ana ce muku hatsari ya yi a hanyar Agadas, to ba karo ya yi ba, ba kifewa ya yi ba. Mota ce ta tsaya. Shi da ya fi kowa sanin hanyar, shekara nawa yana bin ta, ya ce su zauna zai taka ya nemo rijiya ya san tana kusa. Yaran motarsa biyu da suka kwanta ƙarƙashin bodi suna lasar ruwa da murfin jarka an same su da rai a kwana na huɗu, ɗayansu har yanzu yana zuwa gaishe da kakarka duk sallah. Shi sai bayan mako aka gan shi. Ni na je karɓo kayansa, agogo da lasin da hula, a leda. Ina da shekarunka a lokacin.

Sannan na 2013 da idonka ka ga yadda aka yi a gidan nan don lokacin ka zo hutu ba da jimawa ba, mutum 92 a arewacin Arlit dab da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance nan bayanmu, motocinsu suka lalace suka watsu a ƙasa suna neman ruwa, aka riƙa tsintarsu rukuni-rukuni, uwa da 'ya'yanta ƙarƙashin itace. Nijar ta yi makokin kwana uku. Gwaggonka ta wajen Matamai wata biyu ba ta iya cin abincin kirki ba.

Za ka ce wannan Afirka ce, can akwai tsari akwai jirgin likitoci. Akwai, tun 1928 suke da likitoci masu zuwa da jirgi, amma jirgi ba ya zuwa wurin wanda ba a san ya ɓata ba. A Disambar 1998 wasu Turawa biyu 'yan Austria, mace da namiji, motarsu ta kafe a yashi a bakin wannan tafkin da kake son gani. Macen ta kama hanyar ƙauyen William Creek a ƙasa, ta mutu a hanya. Namijin da ya koma ya zauna wurin mota an same shi da rai. Abin da ya fi ci min rai a labarin, da aka zo iskar tayoyi aka rage aka ɗan haƙe yashin, motar ta fita. Abin da kowane yaron mota a Agadas ya sani. Ba jahilai ba ne, 'yan boko ne kamar ka.

Saboda haka ga maganata guda ɗaya, in ka watsar da duk sauran ka riƙe wannan: in mota ta tsaya kar ka bar ta. Ko abokinka ya ce ya hango gini, ko waya ta nuna maka gari kilomita goma, ko zuciyarka ta ce kai saurayi ne kana gudu kana ƙwallo. Kar ka bar ta. Daga sama ana ganin mota, ba a ganin mutum. Mota inuwa ce, ruwanka na cikinta, madubinta na haska wa jirgi, safaya in ka sace iskarta ka cinna mata wuta da rana hayaƙinta baƙi ana hango shi daga nesa. Ka ɗaura tamfol ka kwanta, kar ka yi aikin ƙarfi sai da asuba ko bayan magariba. Shekara talatin ina aikin jinya, na san yadda ƙishirwa ke kashe mutum, ba maƙogwaro take fara kamawa ba, hankali take fara ɗauka. Mutum zai riƙa jin tunaninsa daidai ne alhali ya riga ya tafi, a lokacin ne yake yanke shawarar takawa. Shi ya sa nake so ka yanke taka tun yanzu da hankalinka a jikinka, ku yi alkawari kai da yaron nan tun kafin ku tada mota.

Ruwa kuma kar ka auna shi da kwalba, da jarka ake aunawa, kuma jarkoki da yawa ba babba guda ɗaya ba, in ɗaya ta fashe a gargada saura na nan. Na kwanakin tafiya daban, na kwana uku ko huɗu na tsautsayi daban wanda ba a taɓawa. Ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja ya ragu kana baya. Gishiri da sukari ka san haɗin, lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. In abu ya ɓaci kar ka yi alwala da ruwan sha, ka yi taimama, Allah ya sauƙaƙa mana kar ka tsananta wa kanka. Af, alƙiblarka a can yamma ce ta ɗan karkata arewa, kar ka tashi ka kalli gabas don ka ji mu muna cewa gabas.

Waya ba za ta cece ka ba, kana barin gari sabis ya ɗauke, ko layin Telstra da aka ce ya fi kai wa karkara ba ko'ina yake ba. Akwai 'yar na'ura kamar tocila da ake dannawa ta aika wa tauraron ɗan'adam inda kake, suna ce mata PLB, ka saya ka yi mata rajista da sunanka, kuɗinta ni zan biya, kar ka yi min gardama a kan wannan. Lambar gaggawarsu 000. Duk inda za ku sauka daga kwalta ku gaya wa wani takamaimai, ga hanyar ga ranar fitowa, in ba a ji mu ba a kira 'yan sanda, kuma ya zama mutum mai kula ba wanda zai manta ba. Safaya biyu, jak, shebur, famfon iska, fambel, ruwan lagireto. Motar kafin ku biya ku kai wa makanike naku, ba na mai sayarwa ba, motar da 'yan yawo goma suka yi ta miƙa wa juna kowa ya sha romonta ya bar wa na baya ƙashi. Da magariba ku tsaya, kangaru da shanu da raƙuma da daddare suke hawa titi, eh raƙuma, suna da su birjik a daji, tun ƙarni na 19 aka kai su tare da Musulmi masu kora su, har masallaci suka bari a Marree. Tirelolinsu masu jan bodi uku sun haura mita 50, in za ka wuce su sai ka ga hanya fili har ƙarshen ido. Maciji in ya sari ɗayanku ba a tsagawa ba a tsotsa ba a wankewa, bandeji ake naɗe ƙafar gaba ɗaya da ɗan ƙarfi a hana mutum motsi, ka manta da abin da ka ga ana yi a ƙauye.

Kuma ku biyu kun yi kaɗan. Annabi (SAW) ya ce uku su ne ayari. Ku nemi mota ta biyu ku jera.

Na san kana karantawa kana cewa Baba ya fara. To na fara. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ban musa ba. Amma ka yi min adalci, wata biyu kana ɓoye min, ka gaya wa kowa har maƙwabta ban da ni, don ka san zan faɗi abin da ba ka son ji, wannan ba halin manya ba ne Babana, halin wanda bai yarda da shirinsa ba ne. Da shirin ya tsaya da ƙafarsa da ka kawo shi gabana mun duba tare. Ni ba maƙiyinka ba ne. Sunan mahaifina gare ka, ban taɓa iya kiran sunan nan a bakina ba, kana ganin zan iya zuwa karɓo leda karo na biyu?

Astagfirullah. Allah ya tsare, bakina ya sari ɗanyen kashi. Ka yafe min wannan, dare ya yi kuma na gaji.

Ka je, na sa maka albarka, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya ya haɗa ka da mutanen kirki. Kakarka ban gaya mata zancen hamada ba, ce mata na yi aikin gona za ka, ta yi dariya har da tafi wai Bature zai riƙe fartanya, kai ma in kun yi waya iyakar abin da za ka faɗa kenan. Ta dage sai an aika maka kilishi, na ce mata a filin jirginsu ƙwace nama suke har da tara in ba ka bayyana ba, ta ce to a aika yaji. Zan ba mai zuwa Dublin ƙarshen wata, ka cinye shi kafin ka tashi.

In kun sayi motar ka turo min hotonta gaba da baya, lambar ta fito sosai, da hoton tayoyin. Da lambar wayar mahaifin yaron nan.

Mahaifinka