A Ba 'Yan Ƙaramar Sakandare Lokacin Aiki Da Hannu Kafin A Sayo Injuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku domin mu yi tsokaci a kan sabuwar manhajar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025, wadda ta ce ɗalibin ƙaramar sakandare zai zaɓi sana'a ɗaya daga cikin shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, ko noman lambu. Mu malaman kimiyya da fasaha da noma ne a nan Jos, kuma muna maraba da niyyar. Sai dai ba yau aka fara ba.

Da aka soma tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982, an shigo da darasin gabatarwar fasaha, gwamnati ta sayo injunan kafinta da na aikin ƙarfe daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da dama akwatunan sun yi tsatsa ba a buɗe su ba: babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya kunna su. An sayi doki ba a tanadi ciyawa ba. Bayan nan aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai ɗaya a matakin farko a Sakkwato a 1999, dokarsa ta zo a 2004, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, da ke Sheda ta yi ta sabunta manhaja. Kowace takarda tana cewa ɗalibi ya yi da hannunsa. Amma har gobe za ka tarar da yaro ya zana zarto a littafi, ya rubuta sunan sassansa, ya ci maki goma bisa goma, bai taɓa yanka katako ba.

Yaron da ke tsakanin shekara 11 zuwa 15 ba ya iya zaman sa'a shida yana kwafe allo. Shekarun tambaya ne da gardama da son a ce ya iya. In ba a ba shi aikin da zai nuna iyawarsa ba, zai nuna ta a bayan aji. Abin da aikin hannu yake buƙata a wannan mataki ba inji ba ne. Lokaci ne, da 'yan kuɗin kayan da ke ƙarewa, da tsarin ba da maki.

Mu fara da lokaci. Darasin minti 40 ba ya ɗaukar aikin hannu. Kafin a fito da kaya a raba, minti 10 sun tafi. Kafin a tattara a ƙirga, wasu 10. Sai a haɗa darasi biyu su zama minti 80, aƙalla sau ɗaya a mako: minti 10 na tambayar da za a bincika, kowane rukuni ya rubuta hasashensa tun kafin ya taɓa komai, 45 na aiki, 15 na bayanin abin da aka samu, 10 na shara da ƙirga kaya. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo, alƙalamin mai tsara jadawali kawai yake buƙata. Kuma kada a kai shi ƙarshen yini ko ranar Juma'a, inda taro da tashi da wuri suke cinye shi.

Ga misalin da muke so kowane malami a Filato ya gwada. Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100. Ka ba yara ma'aunin zafi da tukunya da risho a Jos, za su karanta wajen digiri 96. Malamin da ya saba da allo sai ya ce sun yi kuskure, su goge su rubuta 100. Alhali yaran ne da gaskiya. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, nauyin iska ya ragu, don haka ruwa yake tafasa da wuri. 100 ɗin na bakin teku ne, irin su Legas. Ranar da aka tilasta wa yaro ya goge abin da idonsa ya gani, ranar ya koyi cewa awo wasa ne. A kula dai kada kan ma'aunin ya taɓa gindin tukunya, domin zai nuna zafin ƙarfe ba na ruwa ba, kuma malami ne kaɗai zai sauke tukunyar.

Zango na uku yana faɗawa cikin damina, to a yi ma'aunin ruwan sama. A samo gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, a zuba ruwa ya rufe tsakuwar, a ja layin sifiri a nan, a manna rula. A kafa ta a fili, nesa da gini ko bishiya da ninki biyu na tsayinsu. Kurakuran ba sa wuce uku: gora mai ƙugu, wadda awonta ba ya daidaita, ajiyewa kusa da indararo, da mantawa a mayar da ruwa layin sifiri bayan an karanta. Ana karantawa kowace safiya a lokaci guda. Daga nan lissafi ya shigo da kansa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji mai mita 7 da 8 murabba'in mita 56 ne, saboda haka ruwan milimita 20 ya zubo lita 1,120 a kansa, kusan jarka 45 mai lita 25. Yarinyar da ke ɗebo ruwa kafin ta zo makaranta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan adadi.

Ga masu son sola, kada a fara da farantin sola. A fara da ƙananan batura biyu na rimot, kowanne bolt 1.5, da ƙwan LED, da waya rabin mita, da makunnin da aka yi da fil ɗin takarda. Jan ƙwai yana son kimanin bolt 2, don haka a sa masa rezista, wato abin rage ƙarfin wuta, mai om 100. In aka jona shi kai tsaye da batir mai bolt 9 ba tare da rezista mai om 470 ba, nan take zai ƙone. In bai kama ba, kada malami ya karɓe ya gyara. Ya tambaya: doguwar ƙafar ƙwan tana ɓangaren da ke da alamar tarawa? An feƙe robar bakin wayar? In waya ta yi zafi, an haɗa kawunan batir kai tsaye ne, a cire maza. Sai yaro ya gane jona kaya a jere ɗaya bayan ɗaya da jona su gefe da gefe sannan a fito da ƙaramin faranti. Wanda aka rubuta wa bolt 12 zai nuna wajen 20 ko fiye a mitar awon wuta idan yana rana ba a jona masa komai ba, yara su ce mita ta lalace. Ba ta lalace ba, darasin da zai kai su ga dalilin sa na'urar daidaita caji ke nan. Wutar NEPA kuwa ba ta da gurbi a hannun ɗan aji ɗaya ko biyu.

Noma ya fi sauƙi a garin da ke cika kasuwar Farin Gada da kayan lambu, amma nan ma ana tuntuɓe. Zangon karatu mako 13 ne ko ƙasa da haka. Kabeji yana cin wajen mako 4 a reno, sannan kusan wata uku a fangali, sai ya nuna lokacin hutu, awaki su girbe. Alayyafo yana isa yanka cikin mako 4 zuwa 5, latas ma yana shiga zango ɗaya. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon uku ya ishi rukuni, domin hannu yana kai tsakiyarsa ba sai an taka ba. Kafin shuka a gwada iri: ƙwayar masara 20 ga kowane rukuni, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a sa a leda a bar bakinta buɗe don kada ya bushe a ƙarshen mako, a ƙirga tsiro rana ta bakwai. Rukuni biyar sun ba da ɗari, ga lissafin kashi cikin ɗari a tafin hannu. In tsumman yana ɗiga, iri zai ruɓe. In aka yi gwajin a sanyin Disamba ko Janairu na Jos, tsiro zai yi jinkiri a zargi iri a banza. Kuma kada a aiki yara ɗebo ruwa a kududdufan haƙar kuza. Zurfinsu ba ya nunawa daga baki.

Za a ce aji ya cika. Gaskiya ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 20 a aikin hannu, amma aji mai 70 ba baƙon abu ba ne. Dabarar ita ce a raba biyu: rabi suna aiki a rukunin mutum biyar, rabi suna zana tsarin nasu da lissafin kaya, mako mai zuwa a sauya. Rukunin da ya wuce biyar, biyu ne ke aiki sauran suna kallo. Kowa da aikinsa: mai karɓo kaya, mai awo, mai haɗawa, mai rubutu, mai bayani, kuma a riƙa juyawa. In ba a juya ba, cikin mako biyu za ka ga maza sun riƙe guduma da filaya, an bar wa 'yan mata biro.

Sai maki. Muddin abin da aka kawo aka ajiye a tebur ake dubawa, iyaye za su ci gaba da biyan kafinta ya ƙera wa yaro kujera, ɗan mai kuɗi ya ci, ɗan talaka ya faɗi. A yi aikin a makaranta. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin aiki mai kwanan wata, da hasashe, da awo, da abin da ya ƙi da dalilinsa. Maki 20 a kasa huɗu: tsari, awo, aikin kansa, da amsar tambaya biyu da baki, shi kaɗai. Fitilar da ba ta kama ba amma mai ita ya gano dalili ta fi wadda ta kama mai ita bai san yadda aka yi ba.

Dokar UBE ta ce karatun nan kyauta ne, saboda haka bai dace a ɗora wa iyaye kuɗin batir da ƙusa da iri ba. Muna roƙon SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta Filato, da ma'aikatar ilimi ta jiha su ware wa kowace makaranta kuɗin waɗannan kaya a farkon kowane zango, daban da na gine-gine. Guntayen katako ana samunsu da araha a kasuwar Katako. A kuma amince a rubuce cewa wani kaso na kayan aiki zai karye ko ya ƙare a shekara. In dai malami ne zai biya zarton da ya karye daga albashinsa, kayan za su ci gaba da zama a kulle a ofishin firinsifal. Sufetocin da ke zagayawa kuma, bayan sun duba shirin darasin malami, su ɗauki littafin aikin ɗalibai uku da ka, su kira masu su, su ce su nuna musu yadda suka yi awon.

Wassalam.

Daga wasu malaman ƙaramar sakandare,
Jos, Jihar Filato.