Godiya ga masu gyaran firji na bayan babbar kasuwar Garwa

Zuwa ga maigidan shago da yaransa, gaisuwa mai yawa.

Na ga bai kamata in yi shiru ba bayan abin da kuka yi mini, shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani.

Ina da ƙaramar gangar giya a gida, irin ta famfo, cikin wani tsohon firji da aka huda wa ƙofa, da tukunyar iskar CO2 mai tura giyar zuwa famfo a gefe. Tun farkon watan Maris famfon ya daina ba da komai sai kumfa. Ka cika kofi, ka jira ta kwanta, abin da zai rage bai kai yatsa biyu ba. Ranar da surukaina suka zo daga Marwa, sai da na aika yaro unguwar Yalwa ya sayo kwalabe, ga ganga cike a ɗaki. Kunya ta ishe ni.

Kafin ku, mutum biyu na kira. Na farko ko famfon bai taɓa ba, ya ce injin firji ne, ya ƙara masa gas, ya karɓi kuɗinsa, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Na biyu ya ce iska ce ba ta isa ba, ya murɗa agogon tukunya mai daidaita ƙarfin iska har kusan bar 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar). Kumfar ta koma feshi, har kan rigata.

Yaron da kuka aiko mini, da ƙyar zai wuce shekara 20, kuma na raina shi a bakin ƙofa, ba zan ɓoye ba. Ya gaishe ni, ya ce, "Baba, a ba ni kofi in ga abin da idona." Ya tsiyaya, ya tsoma ma'aunin zafi, ya nuna mini digiri 11. Ya ce giyar famfo tana son digiri 3 zuwa 4, in ta ɗumama iskar da ke cikinta sai ta fita ta zama kumfa tun a cikin tiyo. Da zafin Garwa da ke haura 40 a wannan lokaci, ga ɗauke wuta, ga robar ƙofar firjin ta saki, sanyin bai taɓa zama ba. Ya sauke agogon zuwa ƙasa da bar 1 kaɗan, ya huce iskar da ta taru a ganga. Ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, sai ga ƴan ƙwayoyin kumfa suna tashi a kan gangar, ashe ƙaramar robar wajen ta tsage. Tiyon ma ya ce ya yi gajere, ya sauya da mai tsawon mita 2. Da ya nuna mini cikin tsohon, baƙi ƙirin, na kasa cewa komai, don ban taɓa wanke shi ba. Ya ce duk mako biyu ake yi.

Abin da ya fi burge ni, ya hana ni gwadawa a ranar. Ya ce gangar ta sha jijjiga, a bar ta ta kwana cikin sanyi. Washegari da kansa ya kira ya tambaya. Kofin ya cika, kumfa yatsa biyu a sama.

Kuɗin aiki da na kaya duka an rubuta mini a takarda, babu ƙari.

Yanzu a garin nan mai gyara ya zo a ranar da ya ce ma ya zama abin labari. Kowa ya rataya jakar sifana ya zama injiniya, ya ɓata maka kaya ka biya shi, in ka yi magana ya ce kayanka ne tsofaffi. Mai gyaran fankata tun kafin Kirsimeti ya tafi sayo waya, har yau ina jiransa.

Ku gaishe mini da yaron nan. Allah ya ƙara kasuwa.

Wani magidanci daga Garwa