Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kaji

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa mambobi.

Yawancin aikinmu na bana ya tafi ne kan murar tsuntsaye. Dattawanmu ba su manta da watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. A 2007 ta kashe wata mata a Legas, ta sake ɓulla a Kano a 2015, ta dawo a 2021. Shi ya sa muka fara zagayen gonaki tun kafin hunturu ya kama, lokacin da tsuntsayen Turai, waɗanda kan iya ɗauko cutar, ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru.

A zagayen mun ga abin farin ciki. Gonaki da yawa sun ajiye bahon ruwan magani a ƙofar ɗakin kaji, da takalmin roba na shiga. Abin da ya dame mu shi ne kiret ɗin ƙwai na kwali. Dillali zai kwaso shi daga gonar da ba a san lafiyarta ba, da busasshen kashi a jikinsa, a shigar da shi har gaban kaji. Mun roƙi kowa ya riƙa mu'amala da dillalai da masu kwasar taki a bakin get.

Mun kuma zauna da masu yanka da figar kaji a kasuwa kan wanke hannu da sabulu, da zuwa asibiti idan zazzaɓi da tari suka kama wanda ya taɓa matattun kaji.

Inda muka fi shan wahala shi ne batun sanar da hukuma idan cutar ta ɓulla. Mutum ya wayi gari kajinsa na zubewa, kai a kumbure, zanko ya yi shuɗi, sai ya yi maza ya kai ragowar kasuwa don tsoron a kashe masa su, diyya kuma ta yi jinkiri. Wallahi mun san zafin asarar, amma kajin nan gidajen maƙwabta suke shiga. A kira likitan dabbobi na jiha a ranar, ya ɗebi samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, jihar Filato.

Kwamiti na ba da shawarar a ware wani kaso na kuɗin wata don tallafa wa duk mamban da ya sanar da wuri. Za a kawo maganar gaban babban taro. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu.

Sakataren ƙungiya