Zuwa ga ɗana a Alƙahira, game da tsallaka titi

Unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na sa ƙanwarka ta zauna ta rubuta mini wannan takarda, maimakon saƙon murya da na saba, saboda bidiyon da ka turo ranar Juma'a. Abokinka ya ɗauke ka kana ratsa titin Salah Salim, motoci na gilmawa gabanka da bayanka, kana ɗaga musu hannu, kuna dariya wai ka zama Bamisire. Yara sun yi ta maimaita shi suna shewa. Innarka ta kalla sau ɗaya ta ajiye wayar ta shige ɗaki. Ni kuwa hankalina yana kan direban farar motar nan da ta ɗan karkace ta kauce maka, don na san abin da cikinsa ya yi a lokacin.

Shekara 27 na yi ina jan kar, motar fasinja, tsakanin Maraɗi da Yamai, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogondutse, Doso. Mai tafiya a ƙasa yana zaton tunda shi ya ga mota, to direba ma ya gan shi, in ya gan shi kuma zai tsaya. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 90 kuwa mita 25. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta kai kan birki, wannan daƙiƙar ta wuce, motar ba ta ma fara rage gudu ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki zai ja kafin a tsaya ya ninka huɗu. In akwai lodi a baya, ko taya ta suɗe, sai abin da Allah ya yi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, innarka kaɗai ta sani. Wata ranar kasuwa, a wani gari da ke bakin gudiro bayan Madawa, yarinya mai tallan gyaɗa ta fito a guje daga bayan wani kamiyo da ke tsaye, za ta kai wa fasinja a ɗaya gefen. Ba na gudu sosai. Na taka birki har na ji ƙaurin taya, amma gefen motar ya same ta. Allah ya yi da sauran kwananta, ƙafa ce ta karye. Jandarmomi suka auna suka ce ba ni da laifi, iyayenta suka yafe. Har yau in na ji ƙarar faranti ya faɗi a ƙasa sai gabana ya faɗi. Wanda duk ya buge ka a Masar, Babana, wani talaka ne irina da ya fito neman abincin iyalinsa, za ka bar shi da abin da zai kwana da shi har ya mutu.

Kai da bakinka ka ba ni labarin hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke tsakanin masallacin Azhar da wajen masallacin Husaini, da kuma tashar jirgin ƙasa ta Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir, wadda mutum zai shiga ta wannan gefe ya ɓullo ta wancan ba tare da ya taka kwalta ba. Ka ce matakala ta yi yawa, ga zagaye, ga masu sayar da kaya sun cika hanya. Na ji. To minti nawa ne zagayen? Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle wadda ba ta kai tsawon alwala da raka'a biyu ba. Mutanen garin da kake kwaikwayo a cikin wannan hayaniya aka haife su, jirginsu tun 1987 yake aiki, kafin in auri innarka, kuma duk da sabonsu ana kwasar nasu a kan titi. Kai baƙo ne, wata bakwai kacal.

Ga wani abu da na lura da shi a tashoshi. Yawanci mutum ba ya fita gida da niyyar tsallaka babban titi. Ƙofar da ba ita ba yake bi ya fito, sai ya ga inda za shi yana can ƙetare, ya ji ƙyuyar komawa ƙasa, ya ce bari dai in ruga. Don haka tun kana ƙasa ka karanta allon, Larabci ne, shi ka je koyo. In bai fahintar da kai ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Tashar Abbasiyya da kake hawa kullum, ka haddace ƙofofinta kamar yadda ka san lungunan Bagalam. In ka ji jirgi ya iso kana kan matakala, ƙyale shi, wani na tafe. Ka tsaya nesa da bakin dandamali, ka cire abin nan daga kunnuwanka, ka kuma duba kada gaggawa ta jefa ka taragon mata ka sha kunya.

Ban ce ramin ba shi da nasa haɗarin ba. In dare ya yi nisa ka ga babu kowa a ciki, ko fitila ta mutu, dakata a bakin har wasu su zo ku shiga tare. Waya da takardunka a aljihun gaba. Cunkoso kuwa shi na fi tsoro. A hajjin 1990, a ramin masu tafiya a ƙasa na Mu'aisim da ke Mina, mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsi, babu mota ko ɗaya a wurin. Da na je nawa aikin hajjin na bi ta irin waɗannan ramuka, na ga yadda abin yake: taro in ya cika wuri mai bango hagu da dama, wanda ya tsaya cak ko ya juyo yana saɓa wa jama'a shi ke jawo faɗuwa. Ka bi inda aka dosa, ka riƙe gefe, in takalminka ya fita ka bar shi.

In kuma dole ta sa ka tsallaka a sama, inda babu rami babu gada, to kada ka fito daga bayan motar da ke tsaye, kada ka yi gudu, kada ka koma da baya bayan ka shiga. Ka shiga cikin ayarin mutane. Almuru ita ce mafi muni, lokacin da hasken rana ya tafi, fitila ba ta kama ba, direba kuma ya gaji. Ka riƙa sa farar rigarka, baƙar nan ta bidiyo ko ni da na haife ka da ƙyar na gane ka.

Abin dariya, ni da nake maka wannan faɗa, jiya Litinin da ƙyar na ƙetare gaban babbar kasuwa. Kabu-kabu, adaidaita, amalanke, masu tura ruwa, kowa a layi ɗaya, wurin da ya kamata mutum ya taka kuma an baza tumatir da takalma. Mu ba a gina mana abin da aka gina muku ba. Layin dogon da aka aza tubalinsa a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, kilomita 284, a majalisa kowa lissafin buhu da kuɗin lodi yake. Ni abin da nake so in gani shi ne ta ina tsohuwa mai ƙullin kaya za ta bi ta isa tasha, ta ina kuma makiyayi zai ƙetare da shanunsa. In ka dawo da ilminka ka taya ni yi wa masu aikin wannan tambaya, sun fi jin maganar mai rawani.

Innarka ta haɗa maka kilishi da yaji da ƴar kuka, za a ba wanda zai taso bayan Salla. Ta ce bidiyo na gaba tana so ta ga matakalar nan da kake kuka da ita, ta ƙirga da kanta. Ka gaida malamanka da abokan ɗakinka, har shi mai ɗaukar hoton.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka