Tsiraici a bakin tekun Turai: abin da ya kamata matafiyanmu su sani kafin su tashi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka. Aikinmu shirya wa mutane tafiya ne a nan Kano, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da 'yan rakiyarsu. Da zarar Yuni ya kama, bazarar Turai ta shigo, akwai tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa: wai da gaske ne a can mutum zai tuɓe zigidir a bakin teku, cikin jama'a, ɗan sanda na kallo bai ce masa uffan ba? Gaskiya ne a wasu ƙasashe, a wasu kuma sai a keɓaɓɓen wuri. Maganar tana da nauyi a baki, shi ya sa ake barin matafiyi ya je ya gane wa idonsa, kuma daga nan matsala take farawa. Wanda ya fi kusa da shiga hannun hukuma a irin wannan wuri ba mai tsiraicin ba ne. Baƙon da ya tsaya kallo ne, ko ya ɗaga waya, ko ya ce sai ya yi gyara.

A wurinmu babu ja-in-ja. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, an umarce mu da runtse ido, sashe na 200 na Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya yi abin batsa a bainar jama'a, ga kuma Hisba. Wanda ya tashi a haka yana ɗauka cewa ganin tsiraicin kansa shi ne laifin. Yawancin dokokin Turai ba daga nan suke farawa ba. Su niyya suke tambaya.

A Ingila da Wales, sashe na 66 na dokar laifukan jima'i ta 2003 ya ce laifi ne mutum ya buɗe al'aurarsa da gangan yana nufin wani ya gani ya firgita ko hankalinsa ya tashi, kuma hukuncin na iya kai shekara 2. Wanda ya kwanta shan rana a kan tawul ɗinsa bai kula kowa ba, da wuya a iya tabbatar da wannan nufi a kansa. Saboda haka ko a bakin tekun da ba a ware ba, ɗan sanda yakan roƙe shi ne ya rufa, ba kama shi yake yi ba. Akwai kuma wuraren da aka ware, kamar na Brighton da aka buɗe a 1980.

Sifaniya ta fi kowa sake fuska. A 1988 ta cire laifin da ake kira abin kunya a bainar jama'a daga kundin laifukanta, don haka babu dokar ƙasa da ta hana tsiraici a kowane bakin teku. Amma ƙananan hukumomi na da ta cewa. Basalona ta hana yawo tsirara a tituna a 2011, kotun ƙoli ta amince da hakan a 2015, sannan a 2016 ta amince wa birnin Cádiz ya hana a gaɓar da ke cikin gari. Duk da haka a Basalonar akwai ɓangaren 'yan tsiraici a gaɓar Mar Bella, kuma ba katanga tsakaninsa da sauran yashin. Denmak ma kusan duk gaɓarta a buɗe take.

Faransa ta fi tsauri a takarda. Sashe na 222-32 na kundin laifukanta ya tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000 ga wanda ya tilasta wa jama'a ganin batsarsa, shi ya sa 'yan tsiraicinta suka fi tarewa a wuraren da magajin gari ya amince, irin su Cap d'Agde, ko filin da aka ware musu a dajin Vincennes na birnin Faris tun 2017. Sai dai a lura da wani abu da ke ruɗa mutanenmu: mace ta zauna ƙirji a buɗe a bakin teku, a lissafinsu ba tsiraici ba ne. A Agustan 2020 jandarmomi sun nemi wasu mata su rufe ƙirji a Sainte-Marie-la-Mer bayan wani iyali ya yi ƙorafi saboda yaransa, ƙasar ta ɗauki zafi, har ministan cikin gida Gérald Darmanin ya fito ya ce jandarmomin ba su da hujja. Wato ko ƙorafin iyali bai samu goyon bayan hukuma ba, balle na baƙo mai bizar kwana 90.

Jamus ce ya fi kamata a tsaya a kanta, domin can ɗalibanmu da marasa lafiyarmu suke yawan zuwa. Al'adar ta daɗe. Tun 1920 aka ware wurin farko a tsibirin Sylt, kuma a tsohuwar Jamus ta Gabas abin ya zama na iyali, kaka da jika. Doka ba ta hana kai tsaye ba, sai dai wanda ya takura wa jama'a ana iya cin sa tarar da ba ta wuce Yuro 1,000 ba. Kuma ba a bakin teku kaɗai abin yake ba. A 2014 birnin Munik ya ware wurare 6, har da cikin babban lambun Englischer Garten da ke tsakiyar gari da gefen kogin Isar. Ɗalibi ya fito daga lacca ya ce bari ya yanke ta lambu, sai ya tsinci kansa a tsakiyarsu da jakarsa a kafaɗa. Tun Maris na 2023 kuma wuraren ninkaya na gwamnati a Balin sun bar kowa, mace ko namiji, ya shiga ruwa ƙirji a buɗe.

Alamun da za a haddace kaɗan ne. Allon da ke ɗauke da haruffa uku, FKK, a Jamus da Ostiriya da Kuroshiya, yana nufin daga nan gaba tsirara ake. Wanda aka rubuta Textilstrand ɓangaren masu sutura ne. A Faransa a nemi kalmar naturiste, a Sifaniya nudista. Allon yakan zama ƙarami, a kan sanda ɗaya a bakin hanyar katako da ke ratsa tudun yashi, wanda ya biyo ta bakin ruwa a ƙafa kuwa yana iya wuce iyakar bai ga komai ba.

Ga inda kuskuren ya fi faruwa, kuma kyakkyawar niyya ce ke jawo shi. Magidanci Bahaushe ya isa bakin teku da iyalinsa, ya ga cunkoso a kusa da wurin ajiye motoci, sai ya ce su yi gaba inda babu mutane don matarsa ta sake. Suka yi tafiyar minti 15 ko 20 a yashi, suka haye tudu. To can ƙarshen gaɓa, nesa da shaguna da motoci, nan ne daidai wurin da 'yan tsiraici suke zaɓa, ko an ware musu ko ba a ware ba, saboda su ma gudun idon jama'a suke yi. Mai neman sutura ya tsaya kusa da babbar mashiga, kusa da hasumiyar masu ceto da wurin wasan yara. A nan ma ba za a rasa masu ƙirji a buɗe ba, musamman a Sifaniya da kudancin Faransa. Wanda ba zai iya da wannan ba, ya je da sassafe kafin ƙarfe 9, ko ranar da gari ya yi lumshi, ko ya bari sai bayan tsakiyar Satumba. Kada ya dogara da yamma, domin a arewacin Jamus a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 saura na dare.

Idan an riga an faɗa ciki, a juya a koma ta inda aka fito, ba gudu ba tsayawa. Kada a zauna da kaya a jiki a ce ai gefe aka raɓe. Su a wurinsu mai sutura da ya zauna a tsakiyarsu ɗan leƙe ne. Birnin Rostock na Jamus ma a 2025 ya ba masu gadin gaɓa ikon korar masu sutura daga ɓangaren da aka ware wa tsiraici. Ba cewa muke yi wanda ya je gari ya ga kowa da jela ya nemi tasa ya ɗaura ba. Barin wurin kawai ake nema daga gare shi.

Sai waya, wadda ita ce babbar fitina. Matashi ya ga abin da bai taɓa gani ba, hannunsa ya tafi aljihu don ya turo wa abokai a WhatsApp ko ya ɗora a TikTok da taken "ku ga yadda duniya ta lalace". Ko da fuskarsa yake ɗauka, in mutane sun fito a bayansa, magana ɗaya ce. A Jamus yaɗa hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne da ke iya kai ɗaurin shekara 1 ko tara, kuma 'yan sanda na iya riƙe wayar a matsayin shaida. Mafi muni, a irin waɗannan wurare akwai ƙananan yara da ke wasa ba kaya. Hoto ɗaya da yaro tsirara ya fito a ciki ya isa ya jefa mai wayar cikin binciken da ba a fita daga cikinsa da sauƙi, kuma irin wannan tabo yana bin mutum har teburin sabunta biza ko takardar zama. Ga shi kuma ya kwaso tsiraicin ya kawo shi cikin wayoyin 'yan Kano da hannunsa, wanda ko a Shari'a wannan ba wa'azi ba ne.

Mai son gyara ma ya yi hattara. Tsawa ko zagi ko watsa yashi ko jefa wa mutum tawul, kowanne na iya zama ƙarar cin mutunci ko cin zarafi a kan wanda ya yi. Idan abin da aka gani ya wuce zaman shan rana, misali mutum yana bin mata ko yara, ko yana aikata batsa a fili, wannan laifi ne a duk ƙasashen da muka ambata, su kansu 'yan tsiraicin korar irinsa suke yi. A gaya wa mai ceto da ke kan hasumiya, ko a kira 112, a Jamus kuma 110 ta 'yan sanda ce.

Akwai wuri na biyu da ba a faɗa wa mutane, ɗakin gumi na otal, wanda suke kira sauna. A Jamus da Ostiriya ƙa'idar yawancinsu ita ce a shiga ba kayan ninkaya, maza da mata a haɗe, tawul kawai ake shimfiɗawa a zauna a kai. Likita ya ce wa majiyyaci zafi zai taimaki bayansa, ya sauka da gajeren wandonsa ya buɗe ƙofa. Tun a teburin karɓar baƙi ake tambaya ko akwai ranar mata zalla, wadda suke rubutawa Damensauna. Wurin wanka na gidajen motsa jiki da na ninkaya ma sau da yawa fili ɗaya ne ga duk maza, sai a nemi ɗaki mai ƙofa.

Malam Edita, a nan muke da ta cewa game da wannan haƙuri da Turai ke alfahari da shi. Ba ko'ina yake auna kowa da mudu ɗaya ba. A 2016 garuruwa kusan 30 a Faransa suka hana burkini, rigar ninkaya mai rufe jiki da kai da mata Musulmi ke sawa, sai da babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta dakatar da haramcin garin Villeneuve-Loubet a ranar 26 ga Agusta na shekarar. A 2022 birnin Grenoble ya halatta burkini a wuraren ninkayarsa, kotun nan dai ta taka masa birki a watan Yuni. Ƙasar da minista ya fito kare mai buɗe ƙirji, a nan mai rufewa take zuwa kotu. Abin da wannan ke nufi a aikace: a bakin tekun Faransa burkini halas ne a doka, a wurin ninkaya na gwamnati kuwa kusan ko'ina ba a yarda ba, kuma namiji ma ba a barin sa da wando mai faɗi, sai ɗan matsattse. A Ingila da yawancin biranen Jamus ana karɓar burkini, wasu wuraren ma suna da sa'o'in mata zalla. Sharaɗin shi ne yadin ya zama na ninkaya, ba auduga ba. Atamfa ko dogon hijabi idan ya sha ruwa nauyi yake yi ya nannaɗe ƙafa, a teku mai igiyar ruwa wannan halaka ce. Tekun kuma ba Tiga ba ce: a yi wanka tsakanin tutoci masu ja da rawaya, in an ɗaga ja zalla a fito.

Iyayen da za su tare da yara su san cewa ninkaya darasi ne na dole a makarantu da yawa. Kotun tarayya ta Jamus ta yanke a 2013 cewa yarinya Musulma za ta halarci darasin haɗe da maza tunda an yarje mata ta sa burkini, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta goyi bayan Suwizalan a irin wannan shari'a a 2017. Hana yarinya zuwa na iya jawo tara a kan iyaye. Abin da ake samu cikin sauƙi shi ne a rubuta wa shugaban makaranta tun farkon zango a nemi izinin burkini da ɗakin sauya kaya na mutum ɗaya. Gara kuma a saya wa yarinyar rigar daidai jikinta tun kafin ranar darasin farko, domin ba kowane shago ke ajiye ta ba.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu shirya tafiye-tafiye,
Birnin Kano.